SHOKUBUTSU: Sunan Tsirrai A Bakin Japanawa, Da Darasin Da Ke Ciki Ga Mutanen Potiskum

Duk wanda ya tsaya a bakin babban titin nan da ya ratsa garin Potiskum, wanda ya taso daga Kano ta Azare ya miƙa Damaturu da Maiduguri, da wuya ya yi minti biyar bai ji an ambaci wata kalma ta Japananci ba, ko da yake mai faɗarta bai san Japananci yake yi ba. Direba ya ce Toyota, makanike ya ce Mitsubishi, mai injin ban-ruwa ya ce Honda, dattijo kuma ya tuna da Suzuki ko Yamaha da ya hau yana saurayi. Abin da jama'a da yawa ba su sani ba shi ne, waɗannan sunaye duka daga gona da daji aka samo su.

Alal misali, "ki" ɗin da ke ƙarshen Suzuki ma'anarsa itace. "Ha" na Yamaha ganye ne, "yama" kuwa tsauni, watau ganyen tsauni ke nan. "Ta" na Toyota da "da" na Honda abu ɗaya ne, shi ne gonar shinkafa. Mitsubishi kuwa "mitsu" uku ne, "bishi" kuma wani tsiro ne na cikin ruwa wanda siffarsa ta ba da tambarin nan mai kusurwoyi da muke gani a goshin mota. Har ila yau shirin noman nan na Sasakawa, wanda ya shigo Nijeriya cikin 1992 manoman Arewa suka san shi, sunan mutumin da ya kafa shi ne, kuma "sasa" wani irin ƙaramin gora ne, "kawa" kuwa kogi.

To, mutanen da suka cika sunayensu da itace da ganye da gona haka, yaya suke kiran tsirrai gaba ɗaya? Kalmar ita ce "shokubutsu", kuma duk wanda ya bi diddiginta zai ga yadda al'umma takan sa harshenta ya ɗauki ilmin zamani ba tare da ta yar da sunayen da ta gada ba.

YADDA AKE FAƊARTA

Gaɓoɓi huɗu gare ta: sho, ku, bu, tsu. Bahaushe ba zai sha wuya ba wajen faɗarta, domin wasulan Japananci biyar ne kamar namu, watau a, i, u, e, o, kuma akasarin gaɓoɓinsu baƙi ne da wasali, kamar yadda muke cewa "ku-be-wa". Sai dai a lura, "tsu" ɗinsu ba ta da ƙarfin "ts" ɗinmu na tsuntsu ko tsamiya. A sassauce ake fitar da ita, ba a matse maƙogwaro.

Daɗin daɗawa, su ma kamar mu suna da dogon wasali da gajere, suna kuma rarrabe ma'ana da hawa da saukar murya. Mu a nan "kuka" ta miya dabam take da "kuka" na hawaye, ko da yake rubutunsu ɗaya ne. Haka nan su ma "hana" tana nufin fure, tana kuma nufin hanci, sai an sa ta cikin magana sa'an nan murya ta bambanta su.

RUBUTU MAI KAMA DA ZANE

Japanawa suna haɗa rubutu iri uku. Biyu daga ciki, hiragana da katakana, kowanne yana da baƙaƙe 46 masu tsayawa a madadin gaɓa. Na ukun shi ne kanji, wanda suka aro daga ƙasar Sin fiye da shekara dubu da ɗari biyar da suka wuce, kamar yadda kakanninmu suka aro baƙaƙen Larabci suka yi ajami. Amma shi kanji kowane harafi ma'ana yake ɗauke da ita. Gwamnatinsu ta ware guda 2,136 cikin 2010 domin amfanin yau da kullum, kuma yaro yakan koyi 1,026 daga ciki cikin shekara shida na firamare.

Ga yadda abin yake. Harafin itace shi ne 木, wanda in ka dube shi za ka ga gindi da rassa da saiwoyi. In aka jera biyu, 林, ya zama kurmi, ana ce masa "hayashi". In aka ɗora na uku a bisa, 森, ya zama ƙungurmin daji, shi ne "mori". In aka ja ɗan layi a gindin itacen, 本, ya zama tushe ko asali, kuma da shi ne ake rubuta littafi. In kuwa aka zana mutum a gefen itacen, 休, ma'anarsa hutawa. Wanda ya taɓa dawowa daga kasuwar shanu ta Potiskum da tsakar rana cikin watan Afrilu, ya zube a gindin darbejiya, ba ya bukatar a yi masa bayanin wannan harafi.

Ita "shokubutsu" haruffa biyu ne, 植物. Na farko ya haɗa itace da wata alama mai nufin miƙewa tsaye, ma'anarsa dasawa ko kafawa. Na biyu ma'anarsa abu. Saboda haka tsiro a wurinsu shi ne abin da ke kafe wuri ɗaya. Dabba kuwa "dobutsu" ce, da jan wasalin farko, watau abin da ke motsi. A aji ɗaya na firamare yaro yake koyon haruffan itace da kurmi da daji da ciyawa da fure, a aji uku kuma ya koyi waɗannan biyu da suka tara su duka.

TA GIDA DA TA MAKARANTA

Akwai wata kalma kuma da suke da ita, ita ce "kusaki". "Kusa" ciyawa ce, "ki" itace, watau ciyayi da itatuwa. Wannan ita ce tasu ta gado, wadda manomi da tsohuwa suka sani tun fil azal. Ita kuwa "shokubutsu" lafazinta na Sinawa ne, daga littattafai ta shigo. Irin wannan ba baƙon abu ba ne a wurinmu, domin muna da "sani" wadda muka gada, muna kuma da "ilmi" wadda muka samu daga Larabci, kowace da muhallinta.

In muka duba za mu ga manomin ƙasar Hausa ba kasafai yake cewa "tsirrai" ba. Shi a wurinsa akwai itace, akwai ciyawa, akwai haki, akwai amfanin gona, akwai yaɗo. Malamin makaranta da mai karanta labarai a rediyo su ne suka fi bukatar kalma ɗaya da za ta tattara kuka da ƙarangiya da gansakuka cikin garke guda. Haka Japanawa suka kasance, har lokacin da ilmin kimiyya ya ƙwanƙwasa musu ƙofa.

Kafin wannan lokaci, iliminsu na tsirrai ilmin magani ne, irin na masu saiwa da sassaƙe. Har yau harafin da suke rubuta magani da shi yana da alamar ciyawa a kansa, kamar yadda a Fillanci "lekki" take nufin itace, take kuma nufin magani. Cikin 1684 hukumarsu ta kafa wani lambun itatuwan magani a Koishikawa, wanda ya koma hannun Jami'ar Tokyo cikin 1877, yana nan har gobe. Cikin 1709 wani malami mai suna Kaibara Ekken ya wallafa littafin da ya bayyana abubuwa 1,362. Bayansa aka yi Ono Ranzan, wanda a babban littafinsa da aka fara bugawa cikin 1803, in ya zo kan tsiro sai ya jero sunayen da mutanen larduna dabam dabam suke kiransa da su. Mu riƙe wannan, za mu komo kansa.

A wancan zamani Japan ta rufe ƙofofinta, ba ta ciniki da kowa cikin Turawa sai mutanen Holan, su ma an tsare su a wani ɗan tsibiri a Nagasaki. Ta wannan 'yar kafa littattafan kimiyya suka riƙa shiga. Wani likita, Udagawa Yoan, wanda ya rayu daga 1798 zuwa 1846, ya koyi harshen Holan, ya karanta ilmin tsirrai irin na Turai, sa'an nan ya zauna ya rubuta shi da harshen mutanensa, ya fara da wani ɗan littafi cikin 1822. Inda bai sami kalma ba sai ya ƙera ta, kuma wasu kalmomin da ya ƙera, kamar sunan iskar da muke shaƙa mu rayu, da su ake koyarwa har yanzu. Daga baya, cikin 1858, aka buga wani littafin ilmin tsirrai a birnin Shanghai na ƙasar Sin, daga sunansa ne Japanawa suka ɗauki "shokubutsugaku", watau ilmin tsirrai, ta zauna daram.

MUTUMIN DA BAI GAMA FIRAMARE BA

Ba a zancen tsirrai a Japan ba tare da an ambaci Makino Tomitaro ba. An haife shi cikin 1862 a wani gari mai suna Sakawa a lardin Kochi. Shekara biyu kawai ya yi a firamare ya bari, ya shiga duwatsu da fadamu yana tsinko ganye yana zana su, yana tambayar sunayensu. Ya tara samfurin tsirrai wajen 400,000, ya raɗa wa fiye da 1,500 suna, har da wani irin "sasa" da ya sa wa sunan matarsa don tunawa da wahalar da ta sha tare da shi. Sai da ya kai shekara 65 sa'an nan aka ba shi digirin dakta. Babban littafinsa mai hotunan tsirran Japan ya fito cikin 1940, kuma ana sabunta shi ana sayarwa har yanzu. Ya rasu cikin 1957 yana da shekara 94, aka buɗe lambu da sunansa a Kochi cikin 1958, ranar haihuwarsa kuwa, 24 ga Afrilu, ita ce ranar ilmin tsirrai a can.

Ana danganta masa wata magana, cewa babu wani tsiro da sunansa haki, domin kowanne yana da sunansa na yanka. Makiyayin ƙasarmu zai gaskata shi. Abin da ɗan birni yake gani ya ce ciyawa, shi Bafillace ya san wannan gamba ce, waccan kyasuwa, ga harkiya, ga burburwa, ga komayya, ya san wadda saniya za ta ci ta kawo nono da wadda za ta ci ta kumbura.

Amfanin wannan aiki duka shi ne, yaron Japan yana iya karanta ilmin tsirrai tun daga firamare har jami'a da harshen da uwarsa ta yi masa tatsuniya da shi. Kowane tsiro yana da sunansa na Latin wanda masanan duniya suka yarda da shi, yana kuma da tsayayyen suna na Japananci a gefensa.

MU DAWO GIDA

Potiskum gari ne na harsuna. Akwai Ngizimawa, da Karekare, da Bolawa, da Ngamo, ga Fulani da Barebari, ga kuma Hausa wadda ta zama harshen kasuwa. A bakin Ngizimawa sunan garin Pataskum ne, "pata" kuwa daji ke nan a harshensu. Ma'ana, itace ɗaya a ƙasar nan yana iya samun suna shida ko bakwai. Abin da Bahaushe ya kira kuka, Bafillace ya ce ɓokki. Tsamiya jaɓɓi ce, aduwa kuma tanni. Garin Kukawa da Shehu Laminu ya kafa cikin 1814 daga kuka ya sami sunansa, kamar yadda unguwannin Kurna da Giginyu da Ɗorayi na Kano suka sami nasu daga itatuwa. Sardauna ma da aka tashi yi masa kirari, Gamji aka ce.

An yi ƙoƙarin rubuta wannan dukiya, amma akasari baƙi ne suka fara. Wani likita Bature, Dalziel, wanda ya tattara tsirrai a ƙasar Katagum maƙwabciyar Potiskum, ya wallafa littafin sunayen tsirrai na Hausa cikin 1916, sa'an nan cikin 1937 ya fitar da babban littafi kan tsirrai masu amfani na Afirka ta Yamma. Ƙamus ɗin Bargery na 1934 shi ma cike yake da su. A nan Potiskum kuwa, wani shaihun malami Ba'amurke, Russell Schuh, wanda Hausawa suka laƙaba wa Malam Takalmi, ya zauna cikin 1969 da 1970 yana nazarin harshen Ngizim, ya fitar da ƙamus ɗinsa cikin 1981. Daga baya shi da Alhaji Maina Gimba na Jami'ar Maiduguri, tare da 'yan ƙasa masu jin harsunan, suka shirya ƙamus na Bolanci da Karekare da Ngamo da Ngizim da Bade, kowanne da fassarar Hausa da Turanci, aka buga su a nan garin cikin 2004, aka sake faɗaɗa su cikin 2009. Malam Takalmi ya rasu cikin 2016.

To amma ƙamus ajiya ce. Suna ba ya rayuwa sai a baki, kuma ba ya daɗewa a baki in itacen ya bar ƙasa. Tun daga farin 1973 da na 1984, ga saran itacen girki da na gawayi, ga faɗaɗar gonaki, itatuwa irin su kirya da marke da maɗaci da ɗinya da kanya sun yi ƙaranci a kewayen garuruwanmu. Yaron da ya tashi cikin gari yau, in ya san darbejiya da mangwaro da turare, sau da yawa ya ƙure, alhali kuwa dukkansu uku baƙi ne, daga wasu ƙasashe aka kawo su. A makaranta kuma da Turanci ake koya masa sassan fure, ya haddace ya ci jarrabawa, amma in ka kai shi gonar kakansa ba zai rarrabe sabara da geza ba.

Kada a ɗauka hasarar ta tsaya ga kalmomi. Kowane suna yana tafe da saninsa. Wanda ya san gawo ya san yana kaɗe ganyensa da damina, don haka ba ya hana gero rana, yana kuma ƙara wa ƙasa ƙarfi, sa'an nan da rani ya ba dabbobi 'ya'ya. Wanda ya san dakwara ya san ita ce mai ba da ƙaro mafi daraja, wanda Jihar Yobe take cikin manyan masu fitar da shi a ƙasar nan. Wanda ya san tafasa da yaɗiya da ganyen aduwa ya san abin da ya riƙe jama'a a shekarun yunwa. Wanda ya san ƙuduji ya san abokin gaban dawarsa tun kafin ya yi fure. A ƙasar Maraɗi da Damagaram, tun daga 1983 zuwa 1984, manoma suka kama dabarar barin tohon kututture ya girma a gona maimakon a sassabe shi, har aka farfaɗo da itatuwa a fili mai faɗin kadada wajen miliyan biyar. Wannan dabara kuwa ba ta yiwuwa sai ga wanda in ya ga toho mai ganye huɗu zai ce wannan kalgo ne, wancan magarya.

Gaskiya ne ruwan da ake yi a Tokyo a shekara ya ninka na Potiskum, saboda haka ba sunaye kaɗai suka sa kashi biyu cikin uku na ƙasar Japan daji ne ba. Amma su ma sun ƙare yaƙin duniya na biyu da tsaunukansu a aske, suka tashi haiƙan da dashe, kuma tun 1950 suke yin bikin dashen itace na ƙasa wanda sarkinsu yake halarta. Mutanen da suka san abin da suka rasa da sunansa su ne suke iya neman a mayar musu da shi.

CINIKIN DA KE TSAKANINMU

Akwai kuma dalili na aljihu. Japanawa mutane ne masu cin riɗi ƙwarai, suna ce masa "goma", kuma kusan duk wanda suke ci daga waje suke sayowa, Nijeriya kuwa tana cikin manyan ƙasashen da suke saye a wurinsu. Ke nan riɗin da ake nomawa a Yobe da Jigawa, wani daga cikinsa a teburin Osaka yake ƙarewa. Wake a wurinsu "sasage" ne, dawa "morokoshi", masara "tomorokoshi". Kuɓewa suna ce mata "okura", sunan da asalinsa daga Afirka ta Yamma ya bi ta bakin Turawa ya isa can. Lalo kuwa "moroheiya" ne, daga Larabcin Masar, ya kuma yaɗu a kasuwanninsu cikin shekarun 1980. Gyaɗa suna kiranta "rakkasei", watau furen da ya faɗi ya haihu, wanda duk manomin gyaɗa zai shaida ba su yi kuskuren lura ba.

Shinkafa ma abin dubawa ce. Mu kalma ɗaya muke da ita, ko tana fadama ko tana tukunya. Su kuwa in tana gona "ine" ce, in an sussuke ta "kome", in an dafa "gohan", wadda kuma take nufin abinci gaba ɗaya. Amma a zo kan hatsi a ga namu yawan: gero da maiwa da dauro, kaura da farafara, zangarniya da dami da tsaba da ƙaiƙayi. Kowace al'umma harshenta yana yalwata ne a kan abin da yake ciyar da ita.

ABIN DA YA KAMATA A YI

Aikin ba ya bukatar kuɗi masu yawa. A Potiskum akwai Kwalejin Ilmi ta Tarayya mai horar da malaman fasaha, a Damaturu akwai jami'ar jiha, a Gashuwa akwai ta tarayya. Ɗalibansu suna iya fita ƙauyukan Fika da Nangere da Fune su zauna da mafarauta da makiyaya da masu magani da ungozomomi, su ɗauki hoton kowane tsiro da wayar hannu, su rubuta sunansa da kowane harshe na yankin, da amfaninsa, da sunansa na kimiyya, kamar dai yadda Ono Ranzan ya yi wa lardunan ƙasarsu shekara ɗari biyu da suka wuce. Kowace firamare tana iya ware ɗan fili ta dasa itatuwan gida goma, a rataya wa kowanne allo mai ɗauke da sunayensa. Masu shirin nan na kafa shingen itatuwa don tare hamada, wanda Yobe take cikin jihohi 11 da ya shafa, ya kyautu su ba itatuwan gida fifiko a gandayen renonsu. Masarautun Fika da Potiskum da gidajen rediyo kuma suna da bakin da za su kira dattawa su faɗi abin da suka sani.

Masu iya magana sun ce da tsohuwar zuma ake magani. Dattawan da suka san daji itace bayan itace suna nan a raye, amma kullum raguwa suke yi, kuma kowanne ya tafi da abin da ke kansa yake tafiya. Japanawa sun aro kalma daga Sin, sun aro kimiyya daga Turai, amma sai da suka fara rubuta abin da manomansu suka sani. Mu ma hanyar ke nan, kuma a daminar bana ya kamata a soma.